Kafin Ka Yarda A Yi Wa Kwamfutarka Fomatin

 

Akwai wata kalma da nake so mu riƙa yin hattara da ita, wato "fomatin". Duk wanda ya taɓa kai laftof wurin gyara a garin nan ya san ta. Ka kai kwamfuta ta ƙi tashi, a kunna ta sau ɗaya, a kalli fuskarta, a girgiza kai, sai a ce maka sai an yi mata fomatin. Kai kuma da yake hankalinka a tashe yake, burinka kawai ka ga ta dawo, sai ka ce a yi. Bayan awa biyu a miƙo maka ita tana aiki garau, amma babu komai naka a ciki. Lissafin shago, hotunan biki, takardun makaranta, aikin kammala karatun da yaro ya yi wata shida yana rubutawa, duk an share.

Maganar ta ƙara yawa, kuma akwai dalili. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba ba ta, bayan shekara 10 da fitowarta. Tun kafin ranar saƙo ke ta fitowa a fuskar kwamfutocin mutane cewa su koma Windows 11. Da yawanmu sun danna, wasu ta yi musu lafiya lau, wasu kuma suka wayi gari kwamfuta ta ƙi tashi. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, in kwamfuta ta ƙi tashi bayan an sabunta mata babbar manhaja, a mafi yawan lokuta kayanka suna nan ciki, babu abin da ya taɓa su. Ƙofar ɗakin ce ta cije. Wanda ya ce maka fomatin, cewa yake yi a kwashe kayan ɗakin a zubar don a sa sabuwar ƙofa.

Ni ba injiniya ba ne. Aikin lissafi nake yi a wani kamfanin dakon kaya, kuma yawan zama gaban kwamfuta ne ya koya mini ɗan abin da na sani. Amma a cikin dangi da maƙwabta, wanda ya fi kowa daɗewa da kwamfuta shi ne injiniya, ko ya so ko bai so ba. Ta haka ne laftof ɗin kawuna ta iso hannuna.

Kawu ya daɗe yana harkar albasa a kasuwar Mile 12. Yawancin kayansa daga Aliero ta jihar Kebbi suke zuwa, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san rabinta a kan bashi take tafiya. Masu sari su ɗauki buhu biyar, goma, sai sun sayar su kawo kuɗi. A can gida kuma akwai manoma da dillalan da ke jiran nasu, ga kuɗin mota, ga na 'yan dako. Da can a manyan littattafai ake rubuta komai. Da ɗansa ya gama sakandare ya fara zama da shi a rumfa, sai ya mayar da lissafin cikin Excel, a wata laftof 'yar tokumbo da aka saya masa. Shekara kusan uku ke nan ba a buɗe littafi ba. Sunan masu bashi sama da 40, da abin da kowa ya ɗauka, da abin da ya biya, duk suna cikin fayil ɗaya.

Yaron ya amsa kiran sabuntawar a daren wata Alhamis, ta kuma hau Windows 11 lafiya. Ranar Juma'a ya yi aiki da ita, sai dai tana ta sauke wasu ƙarin gyare-gyare daga intanet, kamar yadda sabuwar Windows kan yi a kwanakinta na farko. Da dare ta nemi a sake kunna ta don ta ƙarasa. Tana tsakiyar aiki, ta rubuta cewa kada a kashe ta, sai aka ɗauke wuta. Batirin da ya kamata ya riƙe ta ya riga ya tsufa, bai kai minti goma ba ya mutu. Da safe aka kunna ta, tambarin Windows ya fito, ɗige-ɗigen nan suka yi ta zagaye, sai ta mutu ta sake tashi da kanta, ta koma wurin ɗige-ɗigen. Haka ta yi ta yi.

Sun kai ta wurin wani mai gyara a unguwarsu, ta kwana uku a can. Hukuncinsa shi ne fomatin. Allah ya sa yaron ya tambaye shi ko lissafin zai tsira, ya ce masa a'a. Nan ne Kawu ya kira ni.

"Ɗana, an ce sai an wanke ta. In an wanke, lissafin nawa fa?"

Na ce, "Kawu, kada a taɓa ta. A karɓo ta yau ɗin nan, ko an biya kuɗin dubawa a bar masa. Zan shigo bayan na tashi daga aiki."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Akwai waɗanda na san za su biya ko babu takarda. Akwai kuma waɗanda in suka ji babu takarda, shi ke nan." Ban taɓa jin muryarsa a haka ba.

Abu na farko da na koya a wannan harka shi ne, "ta ƙi tashi" ba ciwo ɗaya ba ne. Kamar mutum ne ya je asibiti ya ce ba shi da lafiya, dole likita ya tambaye shi ina ke ciwo. Ka kunna ta, ka sa ido, ka kasa kunne, ka ga a ina take tsayawa.

In ka danna madannin kunnawa babu haske ko ɗaya, babu ƙarar fanka, to maganar wuta ce, ba ta Windows ba. Ka duba caja, ka gwada wata irinta, ka canza soket. Ka cire caja da duk abin da ke jone da ita, filash ne, linzami ne, na'urar buga takarda ce, in batirin mai fita ne ka cire shi, sannan ka danne madannin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ke cikinta ta fita. Ka mayar da caja ka kunna. Kwamfutoci da yawa da aka ɗauka sun mutu a nan suke farfaɗowa.

In ƙananan fitilunta sun kama, fanka na juyawa, amma fuskar baƙi ƙirin, ka jona ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito a talabijin, fuskar ce ko wayarta ke da matsala. Wani lokaci kuma Windows ta tashi, ƙaramar manhajar da ke sarrafa hoto ce ba ta jitu da sabuwar ba. Danna madannin Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci ɗaya kan farkar da ita.

In tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya fito, sannan ta rubuta wani abu kamar "No bootable device", to ba ta ga ma'ajiyar da Windows ke ciki ba ne, ko kuma tana neman ta a inda ba nan take ba. Sau da yawa filash ɗin da aka manta a jiki ne ke jawo haka. In ba shi ba ne, sai a leƙa BIOS, wato saitin da ke can ƙasa da Windows, a ga ko sunan ma'ajiyar na fitowa. A kwamfutocin Dell da F2 ake shiga, a HP da F10, a ThinkPad na Lenovo da F1. Amma leƙawa na ce. Kada ka canza abin da ba ka sani ba a wurin, zan faɗi dalili a gaba.

In kuwa tambarin Windows ya fito, ɗige-ɗige na zagaye, ko fuska ta yi shuɗi da rubutu, ko tana mutuwa tana tashi, to albishirinka. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, ma'ajiya na nan, Windows ce ta rikice. Wannan shi ne irin na Kawu, kuma shi ne wanda ya fi yawa bayan sabuntawa. In fuskar ta nuna rubutu, ka ɗauki hotonsa da waya, musamman kalmomin da ke ƙasa da manyan baƙaƙe, domin su ne sunan ciwon.

Na isa gidan Kawu bayan magariba. Abu na farko da na nema shi ne a tayar da janareto, a kuma tabbatar akwai isasshen mai, tunda mun san batirin ba abin dogaro ba ne. Na kunna ta na zuba mata ido kusan rabin awa ban taɓa komai ba. Wannan jiran yana da muhimmanci. Wani lokaci Windows tana gyaran kanta ne a ɓoye, musamman a kwamfutar da ke da tsohuwar ma'ajiya mai juyawa ba SSD ba, tana iya ɗaukar awa biyu ko fiye a wuri ɗaya. Mutum ya gaji ya kashe ta da ƙarfi, sai ya lalata abin da ta kusa gamawa. Sauri ya haifi nawa. Amma tata ba tsayawa take yi ba, zagaye take yi, don haka jira ba zai yi magani ba.

Windows tana da wani ɗan ɗakin gyara nata na musamman, wanda ke zaune a gefe guda a cikin ma'ajiya. Hanyar shiga in ta ƙi tashi ita ce ka kunna ta, da zarar tambarin Windows ya fito ka danne madannin kunnawa har ta mutu. Ka maimaita sau biyu ko uku. A kunnawa ta gaba za ta rubuta "Preparing Automatic Repair", daga nan ta kai ka wata shuɗiyar fuska mai zaɓuɓɓuka. Da yake da Turanci kwamfutar ke magana, zan rubuta kalmomin yadda za ka gan su. Ka shiga "Advanced options", sannan "Troubleshoot", sannan "Advanced options" kuma. In ɗakin ya ƙi buɗuwa ta wannan hanya, ana iya haɗa filash na Windows a wata kwamfutar, da filash mai girman gigabait 8 ko fiye, a tayar da ita da shi. Sai dai a kula, akwai zaɓin gyara, akwai zaɓin ɗora sabuwa. Gyara za ka zaɓa.

Ta buɗe mana a karo na uku. Yaron ya yi murmushi, ni ma na ɗan saki jiki. Ina danna zaɓin da nake so sai ga wata fuska ta tare mu, tana neman lambobi 48.

Wannan shi ne BitLocker, kuma shi ne abin da ya fi sa ni rubuta wannan bayani, domin mutanenmu da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Wani tsari ne da ke kulle duk abin da ke cikin ma'ajiya, ta yadda ko ɓarawo ya sace kwamfutar ya ciro ma'ajiyar ya sa a wata, ba zai iya karanta komai ba. Abu ne mai kyau. A kwamfutoci da yawa na zamani yana kunna kansa ne da zarar ka shiga da asusun Microsoft, ba tare da ka nema ba. Kullum kana kunnawa kana aiki ba ka ganinsa, saboda wani ɗan guntun sashe da ke jikin injin, mai suna TPM, shi ke riƙe mabuɗin yana buɗe maka. Amma ranar da aka canza wani saiti a BIOS, ko aka nemi shiga ma'ajiyar ta ɗakin gyara, sai ya ce bai yarda ba sai an kawo mabuɗin ajiya. Dalilin da ya sa na ce kada a yi wasa da BIOS ke nan. Mabuɗin lambobi ne 48, an raba su gida takwas, kowane gida lamba shida. Babu mai gyaran da zai iya ƙirƙiro su. Shi kansa kamfanin Microsoft ya bayyana cewa ba zai iya sake samar wa mutum mabuɗin da ya ɓata ba.

Na tambayi yaron, "Ƙanena, da wane imel ka shiga kwamfutar nan ranar da aka sayo ta?"

Ya ce, "Yaya, ai ba ni na buɗe ba. Yayanmu ne ya buɗe mini kafin ya koma gida."

Mabuɗin yakan kasance a ajiye a cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. Ana iya duba shi ta waya, a shiga asusun, a je ɓangaren na'urori. Yaron ya tuna imel ɗin, bai tuna kalmar sirri ba. Muka nemi a sake ta, aka ce an tura lambar tantancewa zuwa wani layi da ya ƙare da wasu lambobi biyu. Ba layin yaron ba ne, ba na Kawu ba ne. Muka yi ta duba lambobin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya har muka gano tsohon layin babban wansa ne, wanda yanzu yake Birnin Kebbi. Aka kira shi wajen ƙarfe tara na dare. Ya ce layin yana cikin wata ƙaramar waya da ya bar wa matarsa, bari ya ƙarasa gida.

Minti arba'in ɗin da muka yi muna jira, babu wanda ya yi wata doguwar magana. Janareto na ta ruri, Kawu na zaune a kan tabarma yana kallon fuskar kwamfutar. Ni dai abin da nake tunani shi ne, da layin nan yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN, ko da an daɗe ba a yi amfani da shi ba har kamfani ya sayar wa wani, da bashin mutum 40 ya rataya a kan layin da ba ya hannun kowa a gidan. Da ya kira ya karanto lambar, muka shiga asusun, sai ga mabuɗin. A fuskar kwamfutar akwai wata gajeriyar shaida ta mabuɗin da take nema, muka gwada da wadda ke cikin asusun, suka yi daidai. Yaron na karantowa gida-gida, ina bugawa. Ta buɗe.

A nan ne mutum ke ɗokin ya fara gyara. Ni kuwa ƙa'idata ita ce, a fitar da kaya tukuna. Duk wani gyara yana iya ƙara ɓata lamari, amma in kayanka na hannunka, kome ya faru da sauƙi. Akwai wata 'yar dabara da ba ta buƙatar ka iya komai. A cikin zaɓuɓɓukan akwai "Command Prompt", wata baƙar taga da ake rubuta umarni. Ka sa filash ɗinka, ka rubuta notepad ka danna Enter. In ta buɗe ka je wurin buɗe fayil, ka zaɓi a nuna maka kowane irin fayil. Tagar da za ta fito tana nuna maka duk foldodin da ke cikin kwamfutar, kuma kana iya kwafe su zuwa filash daga nan. Ka nemi foldar "Users", a ciki akwai sunanka, a cikinsa akwai takardunka da hotunanka da abin da ke kan fuskar kwamfuta. Ba ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya, sai ka yi haƙuri ka jira. Muka kwashe fayil ɗin lissafin da duk foldar takardu. Na sa filash ɗin a tawa kwamfutar, na buɗe, na juya wa Kawu fuskar. Ya matso, ya sa yaron ya karanto masa sunaye uku na farko da abin da ake binsu. Ya ce haka ne. Sannan ya tashi ya ce a kawo mana abinci.

Sauran aikin bai ba da wuya sosai ba. Na fara da "Startup Repair", wanda ke ƙoƙarin gyara hanyar tashi da kansa. Ya yi 'yan mintuna ya ce bai iya ba. Na koma "Uninstall Updates". Zaɓi biyu ne a ciki: cire ƙaramar sabuntawa ta baya-bayan nan, ko cire babbar, wato komawa Windows ɗin da ke kai a da. Kullum da ƙaramar ake farawa. Na cire ta, ba ta canza komai ba. Sai na zaɓi babbar.

Wannan zaɓi yana da wa'adi, kuma ya kamata kowa ya san shi. Idan aka hau sabuwar Windows, tsohuwar ba ta tafiya nan take. Ana ajiye ta a wata folda mai suna Windows.old har kwana 10, don wanda ya ga sabuwar ba ta yi masa ba ya koma. Bayan kwana 10 Windows kan share ta don ta samu fili. Haka kuma in wani ya ga foldar ta cinye wuri ya goge ta, hanyar komawa ta toshe. Tamu tana kwana na shida. Saboda haka in taka ta fara rikici bayan sabuntawa, kada ka jefa ta cikin jaka ka ce sai ƙarshen wata in kuɗi sun shigo. Ka ƙirga kwanakin.

Ta ɗauki kusan awa guda, ta mutu ta tashi sau biyu, sai ga tsohuwar fuskar Windows 10 da hoton da yaron ya sa, komai na inda ya bar shi.

Da wannan ma bai yi ba, akwai sauran matakai kafin a kai ga fomatin. Akwai "Startup Settings", inda ake danna 4 a tayar da Windows da mafi ƙarancin kayan aiki, don a cire manhajar da ke hana ta tashi. Akwai "System Restore", in an taɓa ajiye wurin komawa. Akwai "Reset this PC", wanda ke da zaɓin "Keep my files", ya sake ɗora Windows ya bar maka takardunka, sai dai manhajojin da ka sa za su tafi. Ɗan uwansa "Remove everything" shi ne fomatin da wani suna, a kiyaye shi. Ko da injin ne ya mutu gaba ɗaya, ana iya ciro ma'ajiyar a yawancin kwamfutoci a sa ta a wani ɗan gida da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja, a jona ta da wata kwamfutar kamar filash. In akwai BitLocker, can ma sai an kawo lambobin nan 48.

Ba ina cewa masu gyara mugaye ba ne. Akwai ƙwararru a cikinsu, har da 'yan uwanmu, waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma mu duba lamarin ta wajensu. Fomatin aikin awa ɗaya ne, kuma galibi kwamfuta za ta tashi. Bin diddigin ciwo yana iya cin yini guda, kuɗin kuma kusan ɗaya ne. Mai gyara bai san abin da ke cikin kwamfutarka ba, bai san darajarsa ba, kai ne ka sani. Don haka in za ka kai gyara, ka faɗa tun a bakin ƙofa cewa kayan ciki sun fi maka kwamfutar muhimmanci. Ka ce a kwashe maka su a gabanka kafin a yi komai, ka biya kuɗin wannan aikin daban, ka buɗe ka gani da idonka. Wanda ya ce ba zai yiwu ba alhali bai gwada ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Ga wanda bai riga ya sabunta tasa ba, rigakafi ya fi magani. Ka kwafe muhimman kayanka wuri biyu, filash ko ma'ajiyar waje, da kuma intanet. Fayil ɗin lissafi bai da nauyi, ko tura wa kanka shi ta imel duk ranar Juma'a ya wadatar. Ka duba ko BitLocker na kunne, in yana kunne ka rubuta lambobin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Ka tabbatar asusun da ke kan kwamfutar naka ne, layin da ke jikinsa kuma yana hannunka yana aiki. Wannan ya fi shafar masu sayen tokumbo, domin wani lokaci mai shago ne ke shiga da nasa asusun don ya saita maka, ka tafi da kwamfuta mabuɗinta na wurinsa. Lambar tantancewa kuwa, tsakanin 'yan gida ɗaya muka karɓi tamu. Baƙon da ya kira ka ya nemi irinta, ɗan damfara ne.

Sannan ka cire batir mintuna kaɗan daga lissafinka, ka gwada shi da gaske: ka cire caja ka ga awa nawa zai yi. In ba ya kai awa biyu, kada ka fara sabuntawa sai kana da janareto ko sola da za su riƙe ka har a gama. Kada ka fara da daddare ka kwanta, kada kuma ka fara ana gobe za ka miƙa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma san ko kwamfutarka ta cancanci Windows 11. Tana buƙatar TPM 2.0, da RAM gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64 aƙalla, kuma a injinan Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama ake karɓa. Akwai manhajar PC Health Check da ke gaya maka. Yawancin tokumbon da ke hannunmu sun girmi haka. Akwai masu ɗora ta da dabara a kan tsofaffin injina, tana kuma tashi, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan sabuntawa ba. Windows 10 ba ta daina aiki ba don wa'adinta ya cika. An ma buɗe wa masu ita shirin ƙarin kariya har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Wanda tasa ba ta cancanta ba yana da lokacin da zai yi shiri a natse.

Ta Kawu ta cancanta. Bayan sati biyu aka sa mata sabon batir, muka sake sabuntawar da rana tsaka, ta hau lafiya. Yanzu duk ranar Asabar yaron na buga lissafin masu bashi a takarda, Kawu na ninkewa ya sa a aljihun babbar riga. Ya ce shi dai abin da hannunsa zai taɓa ya fi kwanta masa a rai, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan uwa, wanda ke da ɗa ko ƙane mai riƙe masa lissafi a kwamfuta, ya tambaye shi yau: in ta ƙi tashi gobe da safe, a ina kuma lissafin yake? In amsar ita ce babu, to a gyara kafin a kwanta. Wanda kuma tasa ta riga ta ƙi tashi, ya ajiye ta, ya ɗauki hoton abin da ta rubuta, ya nemi wanda ya sani kafin ya yarda a share komai. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a nema.